TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI MALAM AMINU KANO, 1920 ZUWA 1983

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raya mu har muka ga wannan rana ta aza harsashin ɗakinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda ya ɗauki tubali da hannunsa mai albarka sa'ad da ake ginin masallacin Madina, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, Liman da dattawan kwamitin gini sun umurce mu da mu sanya tarihin wani bawan Allah daga cikin magabatan ƙasar Kano a cikin wannan ɗan littafi, domin ya zama tunatarwa ga manya, abin koyi kuma ga yara. Da aka yi shawara sai ra'ayi ya tsaya a kan marigayi Malam Aminu Kano. Mai yiwuwa ne wani ya ce, me ya haɗa ɗan siyasar birni da littafin masallaci a ƙasar Gwarzo da Kabo? To, ba domin jam'iyyarsa aka zaɓe shi ba, gama a cikin waɗanda suka ba da gudummawar wannan gini akwai jikokin waɗanda suka bi shi, akwai kuma jikokin waɗanda suka yi adawa da shi, dukkansu kuwa sahu ɗaya za su tsaya. An zaɓe shi ne domin shi almajiri ne ɗan gidan malamai, wanda ya ɗauki abin da ya karanta game da adalci da riƙon amana ya shiga da shi fagen siyasa, ya yi shekara talatin da uku a ciki, sa'an nan ya koma ga Ubangijinsa ba tare da ya tara dukiyar jama'a a ɗakinsa ba.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, ran 9 ga watan Agusta, 1920, watau cikin watan Zulƙida na shekarar 1338 bayan Hijira. Sunan mahaifinsa Malam Yusufu, mai ilmin shari'a ne, ya yi aikin mufti a kotun Alƙalin Kano. Sunan mahaifiyarsa Rakiya, ita ma 'yar gidan ilmi ce. Zuriyarsu ita ce ta Gyanawa, Fulanin da aka san su a Kano da karatu da alƙalanci tun kaka da kakanni.

Kamar kowane ɗan Musulmi na wancan zamani, da allo ya fara. A hannun matan gidansu ya soma sanin baƙi da wasali, sa'an nan aka miƙa shi ga malamai. Ya tashi a gidan da ake buɗe littattafan fiƙihu a zaure, ake kuma zancen hukunci da shaida da haƙƙin maraya kullum safiya. Duk wanda ya san wannan ba zai yi mamakin abin da ya zama daga baya ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 1930 aka sa shi makarantar Elementare ta Shahuci. A 1933 ya wuce Midil ta Kano, a 1937 kuma ya shiga Kwalejin Katsina, wadda aka mayar da ita Kaduna a 1938, ita ce ake kira Barewa a yau. Ya gama a 1942 da takardar shaidar malanta. Tun yana ɗalibi ya soma rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, yana nuna yadda ake cutar baƙauye idan ya shigo kasuwar birni, da yadda masu ɗan iko ke matsa wa na ƙasa da su.

BAUCI, LANDAN DA MARU

Aikinsa na farko shi ne koyarwa a Midil ta Bauci. A can Allah Ya haɗa shi da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa, watau Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda suka koyar tare, da Malam Sa'adu Zungur, masani mai zurfin Larabci da Turanci, mai kaifin harshe a kan zalunci. A cikin 1943 aka buɗe wani zauren muhawara a Bauci, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki suke zama a tattauna al'amuran ƙasa. Da tambayoyin Malam Sa'adu da Malam Aminu suka fara taɓa yadda ake mulki da yadda ake kashe kuɗin baitulmali, sai hukuma ta rufe zauren.

A 1946 aka tura shi Ingila ƙaro ilmin koyarwa a Jami'ar Landan. Ya ga yadda ma'aikata ke haɗa kai su nemi haƙƙinsu, ya ga kuma yadda talaka ke jefa ƙuri'a ya sauke mai mulki ba tare da an zubar da jini ba. Da ya komo gida sai ya tsaya tsayin daka har aka kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, shi ne kuwa babban magatakardanta na farko. Daga nan aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a lardin Sakkwato. A Maru ne ya ƙara mai da hankali ga halin da makarantun allo suke ciki, yana neman hanyar da za a gyara su yaro ya san ma'anar abin da yake karantawa.

Yana cikin waɗanda suka hallara a Kaduna a 1949 sa'ad da aka yi babban taron farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, tun tana ƙungiyar raya al'adu. An yi masa tayin manyan muƙamai domin ya yi shiru, ya ƙi. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa da begen fansho, ya komo Kano, yana ɗan shekara talatin.

HALIN DA TALAKA YAKE CIKI

Yaran yau ba za su fahimci dalilin wannan mataki ba sai an bayyana musu yadda iyayenmu suka rayu a nan yammacin Kano. Kowane baligi namiji yana biyan haraji kowace shekara. Da kaka ta yi, mai unguwa zai tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali a birni. Bafulatani kuma yana biyan jangali a kan kowace saniya. Ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, takardar haraji ba ta san fari ba. Manomin Getso ko na Garo yakan sayar da gyaɗarsa ko audugarsa tun ba ta yi daraja ba domin ya fita kunyar haraji, wani har ya taɓa dawar da iyalinsa za su ci da bazara. Gyaɗar nan ita ce ake jibgewa dala-dala a Kano kafin jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Ikko, kuma daga 1949 hukumar ciniki ce ke yanke mata farashi, manomi ba shi da ta cewa.

Ban da wannan, kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk a ƙarƙashin En'e suke, En'e kuwa tana ƙarƙashin Razdan da Di'o. A cikin masu sarauta da alƙalai akwai adalai masu tsoron Allah, waɗanda har gobe ake yi musu addu'a a garuruwanmu. Amma idan aka yi rashin sa'a aka sami wanda ba haka yake ba, to, talaka ba shi da ƙofar da zai kai kuka, domin wanda ya kama shi, da wanda zai yi masa shari'a, da wanda zai tsare shi, duk gida ɗaya suka fito.

Malam Aminu bai tsaya ga hujjojin da ya gani a Ingila kaɗai ba wajen sukar wannan tsari. Ya koma ga littattafan shugabannin jihadi. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa kuɗin gari da jangali da gaisuwar da ake kai wa masu iko a cikin al'adun mulkin zalunci. Ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa a nan Kano ya wallafa Liya'ul Hukkami, domin ya nuna wa mutanenta yadda shugaba zai riƙe jama'a bisa shari'a. Abin da Malam Aminu ya yi ta nanatawa shi ne a auna mulkin zamaninsa da wannan ma'auni, wanda masu mulkin da kansu suke jingina gadonsu gare shi. Saboda haka ne maganarsa ta shiga kunnen almajirai da gardawa da maɗinka da 'yan koli, ba ta tsaya ga 'yan boko ba.

JAM'IYYAR NEMAN SAWABA

Ran 8 ga watan Agusta, 1950, waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Hausawa suka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. A cikinsu akwai Abba Maiƙwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Ɗambatta, da Mudi Sipikin, da Maitama Sule. A lokacin Malam Aminu yana Maru, amma da ya komo sai ya zama ƙashin bayanta, a 1953 kuma aka zaɓe shi shugabanta. Alamarta tauraro ce. Ita kuwa Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, alamarta fartanya, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ne ya ja ragamarta.

Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma En'e tana da ikon ƙara nata mutane a hawan ƙarshe. 'Yan Sawaba sun yi rinjaye a hawan farko a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ko mutum ɗaya nasu bai shiga Majalisar Kaduna ba. A 1954 Malam Aminu ya nemi kujerar Majalisar Wakilai ta Ikko, Maitama Sule, wanda a lokacin ya riga ya koma NPC, ya kayar da shi. A 1956 ya nemi ta Majalisar Jihar Arewa, Alhaji Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Duk wannan bai sa ya karaya ba, bai kuma sa ya kira mutanensa ga ɗaukar makami ba.

Mabiyansa sun sha wuya ƙwarai a waɗannan shekaru, musamman na karkara. An ɗaure da yawa saboda yin lacca ba da izni ba, ko saboda an ce sun zagi mai sarauta. An yi wa waɗansu bulala, waɗansu sun bar garuruwansu, an kuma sami gungun 'yan ta-kife da ake kira 'Yan Mahaukata suna far musu a Kano. Ta ɓangaren Sawaba ma an sami masu zafin kai da suka wuce gona da iri wajen baƙar magana. Dattawanmu da suka ga zamanin sun san gidajen da wa da ƙane suka daina gaisawa, da auren da ya mutu, da mutanen da suka ƙi bin wani limami salla saboda tauraro da fartanya. Ba mu kawo wannan domin tayar da tsohon miki ba, sai domin a san irin tsadar da rarrabuwa take da ita.

Wani abin da aka fi sukarsa a kai a lokacin shi ne batun mata. Ya dage a kan a ba su ilmi, a kuma ba su damar jefa ƙuri'a, yana kafa hujja da yadda Shehu Usmanu ya karantar da 'ya'yansa mata, irin su Nana Asma'u. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shugabanci matan jam'iyyar, an ɗaure ta sau da yawa a kan wannan tafarki. Sai a 1979 ne matan Arewa suka jefa ƙuri'ar zaɓen shugabannin tarayya a karo na farko.

MAJALISAR IKKO

A zaɓen watan Disamba na 1959 Allah Ya ba shi nasara a mazaɓar Kano ta Gabas, NEPU kuma ta sami kujeru 8 a Majalisar Wakilai. To, da ma NEPU tana ƙawance da jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe, ita kuwa NCNC sai ta haɗa gwamnati da NPC. Ta haka Malam Aminu ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, a ƙarƙashin tsohon abokin aikinsa na Bauci, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya kuma shiga cikin tawagar da ta wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya bayan samun mulkin kai a 1960.

A nan akwai abin lura ga mu mutanen wannan yanki. A wannan majalisa, Alhaji Bello Dandago, Sarkin Dawaki Mai Tuta, shi ne wakilin mazaɓar Gwarzo ta Gabas a ƙarƙashin NPC. Alhaji Inuwa Wada kuwa, ɗan'uwan Malam Aminu na jini daga gidan Gyanawa, minista ne a NPC. Watau shugabannin da magoya bayansu suke jifan juna a ƙauyuka, su a Ikko ɓangare ɗaya suke zaune, suna gaisawa, suna aiki tare. Wannan ya isa wa'azi ga duk wanda zai yanke zumunci saboda ɗan takara.

A zaɓen 1964 Malam Aminu ya rasa kujerarsa. Ran 15 ga watan Janairu, 1966, soja suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da waɗansu manya, Allah Ya jiƙansu, aka kuma rushe jam'iyyu duka. Shekarun adawa ba su hana Malam Aminu haɗa kai da tsofaffin abokan hamayyarsa ba a wannan mawuyacin lokaci, domin a ceto Arewa da ƙasa baki ɗaya daga wargajewa.

ZAMANIN SOJA

Yana cikin waɗanda suka goyi bayan a raba ƙasa jiha-jiha. Ran 27 ga watan Mayu, 1967, Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, Kano ta sami tata, Alhaji Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko. A wannan shekara aka naɗa Malam Aminu Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, ya riƙe muƙamin duk tsawon yaƙin basasa har zuwa 1971, sa'an nan aka mayar da shi Kwamishinan Lafiya har 1974. Shekara bakwai ke nan yana riƙe da manyan ma'aikatu, rabinsu ma a lokacin da kuɗin man fetur ya fara kwararowa, amma ya sauka ya koma gidansa na Gwammaja kamar yadda ya fito.

A cikin waɗannan shekaru ne da yawa daga abubuwan da ya yi ta kira a kansu suka tabbata, ko da yake ba shi kaɗai ya kawo su ba. Daga 1968 aka fara raba kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, Gwarzo ta zama ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 20 na Jihar Kano ta lokacin, daga baya Kabo ma ta sami tata. Malam Aminu ya zauna a kwamitin da ya tsara daftarin tsarin mulki a 1975 da 1976, ya kuma zauna a majalisar da ta duba shi a 1977 da 1978.

JAM'IYYAR PRP

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, ya fara zama da waɗanda suka kafa NPN, amma ba su daidaita ba, sai ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Hukumar zaɓe ta so ta hana shi a kan batun takardun haraji, kotu ta ba shi gaskiya. Ya zo na huɗu a cikin 'yan takara biyar, da ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, Alhaji Shehu Shagari ne ya ci. Amma a Jihar Kano, cikin kowace ƙuri'a huɗu, uku nasa ne. PRP ta kafa gwamnati a Kano da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, a Kaduna kuma da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. Da hawansu mulki a watan Oktoba na 1979 suka soke haraji da jangali. Kowane gida a ƙasar Gwarzo da Kabo, da kowace ruga, sun ji sauƙin wannan a jikinsu.

Sai dai daɗin bai daɗe ba. Tun daga 1980 saɓani ya shiga tsakanin Malam da gwamnonin nan biyu a kan tarurrukan da suke yi da gwamnonin waɗansu jam'iyyu ba da yardar uwar jam'iyya ba. PRP ta dare biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam, 'yan Santsi suna tare da gwamnoni. A watan Yuni na 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Ran 10 ga watan Yuli na wannan shekara aka yi tarzoma a Kano, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara a kan siyasa. Mutanen da suka sha ɗauri tare a zamanin Sawaba suka koma ba sa ga-maciji da juna. Har yau masana suna saɓani a kan wanda ya fi gaskiya a wannan rikici, mu kuwa ba alƙalansa ba ne. Malam Aminu ɗan Adam ne, yana daidai yana kuskure. Abin da ya tabbata shi ne, gidan da aka yi shekara talatin ana ginawa, rashin jituwar shekara biyu ta tsaga shi.

MALANTARSA DA ZAMANSA DA JAMA'A

Siyasa ba ta raba shi da littafi ba. Tun farkon shekarun 1950 ya buɗe makarantar Islamiyya a Kano, inda yara maza da mata suke zama aji-aji, ana koya musu Alƙur'ani da Larabci da fiƙihu da lissafi. A lokacin an yi mata ca, an ce bidi'a ce, yau kuwa da wuya a sami unguwar da ba ta da irinta. Yakan yi tafsirin Alƙur'ani da azumi, mutane su taru su saurara. Ya rubuta littattafai da Hausa, a cikinsu akwai Motsi Ya Fi Zama, da Hikayoyin Kaifafa Zukata, da tarihin malaminsa kuma amininsa Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958.

Suturarsa farar riga ce mara ado da jar dara. Ƙofar gidansa a buɗe take, mai ƙara da mai neman magani da ɗalibin da aka koro saboda kuɗin makaranta duk suna shiga. Abin da ya shigo hannunsa da safe, da wuya ya kwana.

RASUWARSA

Ana shirin zaɓen 1983, har ya riga ya ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takara, sai wa'adi ya cika. Ya rasu a gidansa na Gwammaja ran Lahadi, 17 ga watan Afrilu, 1983, cikin watan Rajab na 1403, yana da shekara 62. Jama'a ta yi dafifi daga birni da ƙauye, 'yan Taɓo da 'yan Santsi da 'yan NPN suka tsaya sahu ɗaya a kan gawarsa, aka binne shi a cikin gidan. Bayan 'yan watanni Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya ci kujerar gwamnan Kano a PRP, a ƙarshen Disamba kuma soja suka sake karɓar mulki.

Bai bar kamfani ba, bai bar rukunin gidaje ba. Gidan nasa, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. An sa sunansa ga asibitin koyarwa na Kano, wanda aka kafa a 1988, inda ake kai marasa lafiyarmu idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gida. An sa shi ga kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci ta Kano. An kuma sa shi ga filin jirgin saman Kano, inda alhazanmu suke tashi, inda kuma jiragen Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, suka yi shekaru suna ɗaukar maniyyata zuwa ƙasa mai tsarki.

ABIN DA YA SHAFE MU A YAU

Ya ku 'yan'uwa, a cikin Suratut Tauba Allah Ya ba mu labarin masallatai biyu. Ɗaya an gina shi domin cutarwa da raba kan muminai, aka hana Manzon Allah tsayawa a cikinsa. Ɗayan kuwa an kafa harsashinsa a kan tsoron Allah tun ranar farko. Dukkansu da tubali aka gina su, niyya ce ta bambanta su. Yau ita ce ranar farko ta wannan masallaci, saboda haka Liman da kwamiti suna ɗaukar alkawari uku a gaban Allah da gabanku, waɗanda muka tsinto daga tarihin da ya gabata.

Na farko shi ne amana. Kuɗin da za a yi wannan gini da su, a cikinsu akwai na tsohuwar da ta sayar da kazarta, da na manomin da ya auno daga rumbunsa. Za a rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, a riƙa karanta shi a bainar jama'a, kuma kowane mai ba da gudummawa, kome ƙanƙantarta, yana da ikon ya tambaya a ba shi amsa ba tare da an ga baƙinsa ba. Mutumin da ya riƙe ma'aikatun tarayya shekara bakwai ya fita da hannu mai tsabta ya yanke wa mai riƙe da kuɗin siminti da rodi hanzari.

Na biyu shi ne haɗin kai. Muna maraba da gudummawar kowane ɗan siyasa, Allah Ya saka masa, amma ba za a kafa tutar wata jam'iyya a harabar nan ba, ba kuwa za a mai da mumbari dandalin neman ƙuri'a ba. NEPU da NPC sun wuce, Taɓo da Santsi sun wuce, na yanzu ma za su wuce, masallaci kuwa yana nan. Wanda ya riga zuwa shi ne mai sahun gaba, talaka ne ko basarake.

Na uku shi ne ilmi. Muna roƙon jama'a kada ƙarfinmu ya ƙare a kan hasumiya da fenti. A bar wuri a gefen ginin domin azuzuwan yara maza da mata, da na matan aure, da na magidantan da ba su sami karatu da ƙuruciya ba, domin masallacin da babu karatu a cikinsa bai cika aikinsa ba.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya jiƙan abokan tafiyarsa da abokan hamayyarsa, da sarakunanmu da malamanmu da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya ba shugabanninmu na yanzu ikon yin adalci, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Yadda Ya nuna mana aza harsashin wannan ɗaki, Allah Ya nuna mana ranar buɗe shi, Ya karɓa daga gare mu baki ɗaya, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.

Magatakardan Liman,
a madadin Kwamitin Ginin Masallaci.